Katangar da Na Yi wa Masaukin Ƙanena

Shekarar da na ajiye alli, bayan na gama wa'adina na koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, niyyata ɗaya ce: in zauna gida in huta da hayaniyar yara. Ban daɗe ina hutawar ba ƙanena ya diro Dakoro daga Yamai, ya ce in ɗauki mayafi in zo in ga wani abu.

Gonar mahaifinmu ya kai ni, wadda ke bakin gari ta hanyar Birnin Lalle. Muna yara sai mun gaji da tafiya kafin mu kai abinci gonar nan. Yanzu gari ya cim mata, gidajen sabuwar unguwa sun kewaye ta, wasu an shiga, wasu bulo ne tsaye ba rufi. Na san yana gini a can, ban dai taɓa leƙawa ba, don ni da shi ba mu cika jituwa a shawara ba. Mutum ne mai karatu da kyakkyawar zuciya, ya daɗe yana aiki a proje-projen kare muhalli, kuma duk abin da ya ji an faɗa a ɗakin taro sai ya ɗauko shi ɗungurungum ya kawo gida.

Abin da na tarar ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. Ɗakuna ne na ƙasa, jeri biyu suna kallon juna, rufinsu kubba-kubba, babu azara, babu kwano. Na shiga ɗaya da tsakar rana na ji sanyi kamar na sa kai cikin randa. Ya haƙa foraj, rijiyar burtsatse, ya ɗora shato, wato tankin ruwa, a kan ƙafafun ƙarfe, ya jera pano masu kama hasken rana, su ke jawo ruwan, su ke ba da wuta. Ko'ina ka duba ƴan itatuwa ne da bai daɗe da dasawa ba: bedi, zogale, magarya, gawo.

"Masaukin baƙi ne, Yaya," in ji shi. "Na ma'aikatan da ke zuwa aiki garin nan da fataken da ke zuwa kasuwar dabbobi. Amma ba irin otal ɗin da kika sani ba ne. Wanga ba zai cuci ƙasa ba, ba zai cuci maƙwabta ba. Ke za ki riƙe shi."

Na waiga gabas, na waiga yamma. Na ce, "Ina katanga?"

"Babu katanga. Katanga raba mutane take yi. Itatuwan nan in sun girma su ne shinge."

"Kafin su girma fa?"

Ya yi dariya irin wadda yake yi tun yana ƙarami in an tambaye shi abin da bai shirya ba. Sannan ya shiga zayyana mini dokoki. Leda ba za ta shigo gidan ba. Ba ruwan gora, ba ruwan leda, baƙo zai sha daga randa, an tace. Ba gurup, injin wutar nan mai hayaƙi, ba kilim mai sanyaya ɗaki, iskar bantilata ta isa. Masu shara da masu girki da gardi mai tsaron ƙofa duk daga unguwar za a ɗauko su. Abinci kuma na ƙasar nan, gero da wake da nono da cuku. Na ƙarshen shi ne wanda ya fi alfahari da shi: famfon da ke tsakar gida na kowa ne, duk maƙwabcin da ya so ya zo ya ɗiba. Washegari ya hau mota ya koma Yamai, ya bar ni da makullai.

A Dakoro in ka ce ruwa na kowa ne, to kowa zai ji. Satin farko matan gidajen da ke kusa ne ke zuwa da bokiti, su gaishe ni, su ɗiba, su yi addu'a. Kafin wata ya mutu layin bido, jarkokin ɗibar ruwa, ya fara daga bakin famfo, ya bi gaban ɗakunan baƙi, ya fita har titi. Masu amalanken jaki suka gano wurin, suna zuwa da ganguna tun assalatu. Jaki ba ya jiran baƙo ya farka kafin ya yi kuka. Wata safiya wani baƙo, dattijo mai sayen shanu daga Maraɗi, ya buɗe ƙofa zai fita alwala ya tarar da mata sun shimfiɗa tabarma a gaban ɗakinsa ana kitso, ana jiran layi. Ya koma ciki. Da ya fito, da jakarsa ya fito.

Wuta ma haka. Wani ya roƙi a sa masa waya caji, na ce to. Kwana kaɗan teburin ɗakin karɓar baƙi ya cika da wayoyi da fitilu da rediyo, kowanne da mai shi zaune a inuwa yana jira. In magariba ta yi batir ya sauka, bantilata ya tsaya, baƙo ya fito yana fifita da hularsa yana kallona.

Sai awaki. Awakin unguwar nan sun san lokacin da ake ba itatuwa ruwa fiye da mai ba su ruwan. Zogalen bai kai gwiwa ba suka gama da shi. Muka kewaye kowace bishiya da ƙaya, suka koyi tura ƙayar da ƙaho. Ƙayar kuma ta zame mana wata wahalar, don duk ranar kasuwa iska na kwaso ledojin gari ta rataya mana su a kai, baƙaƙe da farare. Gidan da aka hana shigo da leda ya zama babu gidan da ya kai shi leda a unguwar. Ni da na yi shekaru ina hana yara jefa takarda a aji, sai ga ni da sanda mai ƙugiya ina zare leda daga ƙaya, ƙayar tana zare mini mayafi.

Na riƙa kiran ƙanena. Ba ya ɗauka, yana taro. Can da yamma sai saƙon murya ya shigo, dogo, cikin natsuwa.

"Yaya, ki yi haƙuri, kowane sauyi da wuyarsa. Abin da ya rage shi ne wayar da kai. Ki tara su ki yi musu bayani. Ke da kike malama."

Na tara su. Na sa aka dama kunu, mata suka cika tsakar gida, maza suka tsaya daga gefe. Na ce ɗibar ruwa sai bayan hantsi, awaki a ɗaure su, gaban ɗakin baƙi ba wurin zama ba ne. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka yi wa mahaifinmu addu'a, aka yi wa ƙanena, aka watse. Washegari da asuba jaki ya tashe ni, don lokacin na riga na koma kwana a can.

Wadda ta fi kowa goyon bayana a taron maƙwabciyarmu ce ta kudu, mai sayar da fura. Sa'ata ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki. Ita ke kawo mana furar baƙi, kuma babu mai fura irin tata a wannan ɓangaren gari. Ita ce kuma mai akuyar da ta fi kowace ɓarna, wata ja mai karyayyen ƙaho. In na kai ƙara sai ta kama haɓa.

"Madam, wallahi na ɗaure ta. Ita ke kwance kanta."

"To furar fa? Na ce a ƙwarya za ki kawo, ba a leda ba."

"A ƙwarya take. Ledar rufi ce, don ƙuda."

Haka muke, kullum sai mun yi, kullum kuma sai ta zauna mun sha shayi.

Da bazara ƙanena ya aiko cewa ya samo mana babban aiki. Ofishinsu zai yi taron kwanaki a kan dashen itatuwa da tattalin ruwa, kuma a masaukinmu za a sauka, a nan za a yi. Shi ma yana tafe. Na ce masa bazara ce, rana na dukan kubba tun safe, shato kuma ba ya kai azahar. Ya ce ai mutanen muhalli ne, sun san darajar abin.

Suka iso cikin motoci farare. Shugaban tawagar, wani mai ƙiba da gilashi, ya zagaya gidan yana jinjina kai, yana ɗaukar hoto, yana cewa wannan shi ne abin da ya kamata ƙasa duka ta koya. Ƙanena kamar ya tashi sama. Da aka kai shugaban ɗakinsa sai ya leƙo ya yafuto ni, ya rage murya.

"Hajiya, ina abin kunna kilim ɗin?"

Na ce babu kilim. Ya dubi bantilata, ya dubi randar da ke kusurwa da moɗa a kai. Jim kaɗan na ga direbansa ya fita, ya dawo da katan-katan na ruwan gora, ya shige da su ta bayan ɗakuna don kada ƙanena ya gani. Da azahar, lokacin hutun taro, na nemi rabin baƙin na rasa. Suna cikin motoci, an tayar da inji, an rufe gilashi, suna shan sanyi. Hayaƙin yana bugun ƴan itatuwan da awaki suka rage.

Kwana na biyu ruwa ya ƙare tun kafin rabin baƙin su yi wanka, don na roƙi ƙanena a rufe famfo kwanakin taron ya ce a'a, yana so baƙi su gani da idonsu yadda ake zaman tare. Sun gani. Wata ma'aikaciya ta fito da sabulu a wuya tana tambayata ko akwai ko da buta ɗaya. Sai gidan mai fura na aika aka aro mana bido biyu daga ruwan da ta ɗiba a famfonmu da safe. Ta aiko da su, ta aiko da gaisuwa.

Rana ta ƙarshe ta faɗo ranar kasuwa. An shirya shugaban zai dasa bishiyar tunawa a gabashin gida. Ƙanena ya sa aka kawo wani gawo da aka raina a gandun dashe, ya kusa kai tsayin mutum, ganyensa shar. Shugaban ya naɗe hannun riga, ya zuba ƙasa, ya zuba ruwa, aka tafa, aka yi hoto, suka koma rumfar taro. Ni na shiga madafa duba tuwo.

Da na fito sai na ga gabashin gida cike da dabbobi. Garke ne ya taso daga daji za shi kasuwa, tumaki a gaba, shanu a baya, da raƙuma a gefe. Ɗaya daga cikin raƙuman ya tsaya daidai kan gawon shugaba, ya miƙa wuya, ya kama shi daga sama. Ramin sabo ne, ƙasar jiƙe. Da ya ɗaga kai sai bishiyar ta taso gaba ɗaya, har da saiwa da dunƙulen ƙasa. Ya tsaya yana tauna, saiwar tana lilo a gefen bakinsa, kuma duk wanda ke cikin rumfa yana kallo.

Ban taɓa ganin ƙanena ya yi gudu irin na ranar ba. Ya isa wurin mai raƙuman, wani dattijo siriri da rawani, yana faɗa yana nuna rami. Dattijon ya bari ya gama, sannan ya yi masa sallama, ya tambayi lafiyar gida.

"Ka yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Ban ga alamar an hana bi ba. Nan muke bi tun mai gonar yana da rai. In an cire amfani har kwana muke yi a ciki, dabbobi su bar masa taki, shi ya ba mu damen gero. Kai ɗansa ne?"

Ƙanena ya ce e. Dattijon ya yi wa mahaifinmu addu'a mai tsawo, dole ƙanena ya ɗaga hannu yana amin, raƙumin kuwa yana bayansu yana ƙarasa gawon.

Bayan motoci sun tafi muka zauna a rumfa ni da shi, ga gorunan ruwa da baƙin suka ɓoye an sharo su daga ƙarƙashin gadaje an tara. Na ce masa ko dai a yi katanga, ko ya karɓi makullansa.

"Yaya, in muka yi katanga mun zama kamar kowa."

"Kowa yana da itatuwa a gidansa. Mu ba mu da ko ɗaya da ta wuce ƙuguna."

"Matsalar ita ce ba a wayar..."

"Kada ka sake ce mini wayar da kai. Je ka wayar da kan raƙumi."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da safe ya tafi, bai karɓi makullan ba, bai kuma ce a yi katanga ba.

Na bari ya kai Yamai. Sannan na kira maginan unguwar, waɗanda suka yi masa kubbobin, na ce katanga nake so, ta ƙasa, kafin ruwan sama ya sauka. Dokarsa ban taka ba: ba siminti, ba baƙon ma'aikaci. Ta gabas na sa aka ja da baya sosai, aka bar wa dabbobi hanyarsu da faɗinta, don ba ni da niyyar yin shari'a da masu bin ta tun kafin a haife ni. Famfon kuma na sa mai gyaran famfo ya ja tiyo ya huda katanga ya fitar da shi waje, aka yi masa dakali da kwalbatin shayar da jakai. Aka sa mafitar ruwa biyu a shato, ta ƙasa ta baƙi, ta sama ta unguwa, ta yadda ko an ɗibe na waje akwai abin wanka a ciki. Wayoyi na ce a kawo bayan hantsi a karɓa kafin la'asar.

Na zaci za a gode mini da ban rufe ruwan ba. Abin da ya dawo kunnena shi ne Madam ta kore mu daga gidan marigayi, mai gidan ya ce na kowa ne, ita ta zo ta mallake. Wasu matan in sun gan ni a bakin famfo sai su gyara tsayuwa su yi shiru. Mai fura ta daina zuwa. Furar tana zuwa, jikarta babba ke miƙo wa gardi, a ƙwarya, an rufe da faifai, ba leda. Wannan ya fi komai ba ni haushi, don na san magana ce take gaya mini.

Ƙanena kuwa wani ya tura masa hoton katangar tun ba ta kai kafaɗa ba. Bai kira ba, bai aiko da saƙon murya ba. Damina ta zo ta wuce ba mu yi magana ba, sai ta bakin matarsa. Ni kuma na sake dasa komai. Ruwan wankan baƙi na sa aka yi masa kwata zuwa gindin itatuwa, wannan dabararsa ce tun farko, awaki ne ba su bari an ga amfaninta ba. Kafin kaka zogale ya wuce kaina, muna tsinka muna kwaɗo. Baƙi suka fara dawowa, har da dattijon nan mai sayen shanu, wanda sai da ya leƙa tsakar gida kafin ya sauke jaka.

Da babbar salla ƙanena ya zo. Ya tsaya a ƙofa, ya shafa katangar da tafin hannu, ya shiga ya zagaya itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Na bi shi a baya ina jira.

"An yi yaɓen da kyau," ya ce. Shi ke nan abin da na samu.

Bayan wasu watanni wata baƙuwa, yarinya mai aikin allurar dabbobi, ta ce mini a waya ta ga masaukinmu shi ya sa ta zo. Ta nuna mini. Ga hoton katangata, ga famfon waje da mata a layi, ga hanyar dabbobi. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa mai wurin, bayan doguwar tuntuɓa da al'umma da makiyaya, ya tsara iyakar da ke mutunta kowa. Na karanta, na sake karantawa, na miƙa mata wayarta. Da yamma na aika masa saƙon murya, gajere. Na ce na ga tuntuɓar, Allah ya ƙara basira. Ya amsa da cewa ai aikin na iyali ne, Yaya, ba a cewa wane ya yi.

Abin da ban gaya masa ba shi ne gidan ya yi mini shiru. Baƙi suna son shirun, don shi suke zuwa. Ni kuwa in la'asar ta yi, na gama duba ɗakuna, sai in zauna ni kaɗai da butar shayi ina jin hirar mata ta bayan katanga, rabi nake ji rabi iska ta ɗauke.

Wata la'asar irin wannan gardi ya ce ana sallama. Mai fura ce, da kanta, da ƙwarya a ka. Ta ajiye, ta zauna inda ta saba zama, ta karɓi kofi kamar jiya muka rabu. Muka yi gaisuwa, muka yi maganar tsadar gero. Sannan ta ce gwiwarta ta matsa mata, zagayowa ta babbar ƙofa da ƙwarya yana ba ta wuya, ga shi katangar kudu ita ce bayan ɗakinta. Da za a huda ƴar ƙofa a nan, ƙarama, ta mutum ɗaya.

Na ce a'a. Na ce in na huda mata, na yamma ma zai ce a huda masa. Ta ce gaskiya ne. Ta dawo washegari, da jibi, kullum da furar da maganar. Sati bai cika ba magini ya zo da diga.

Ƙofar tana nan, ta katako, da sakata ta ɓangarena. Mun yi da ita ni zan buɗe da safe in rufe bayan la'asar, kuma akuyar ba za ta ko leƙo ba. Ta rantse. Yanzu rigimarmu a kan sakatar ce: ita ta ce a sa wata ta ɓangarenta don kada baƙina su riƙa faɗo mata gida, ni na ce babu baƙon da ya taɓa yi. Jiya ta zo da kafinta ba ta gaya mini ba, na tarar yana awo.